Ranar Da Malam Dabo Ya Gano Dabonikus

Duk wanda ya taɓa zama a inuwar darbejiyar da ke ƙofar shagon Hambali tela a Kabo ya san Malam Dabo, ko yana so ko ba ya so. Da can gyaran rediyo yake yi. Da waya ta zo ta kashe masa kasuwa, sai ya rufe akwatin kayan aiki ya koma gyaran zancen mutane. In ka ce ka je Kano, shi ya je Legas. In ka ce ka ga kura, shi ya taɓa shiga raminta, kuma ita ce ta fara neman hanyar fita. Hambali, wanda suka tashi tare tun suna yara, ba ya ko ɗaga kai daga keken ɗinki, sai dai ya jefa masa kalma ɗaya mai zafi ya ci gaba da takawa.

Abin ya faro ne a gidan suna a Gwarzo, a dangin matarsa Uwaliya. Bayan an ci an sha, Malam Dabo ya shiga cikin gida gaisuwa, sai ya tarar da Khairiyya, 'yar wan Uwaliya, ta durƙusa a gindin bango tana ɗaukar hoton wani ƙwaro da waya. Khairiyya dakta ce, ilimin ƙwari take koyarwa a jami'a.

“Ke kuma 'yar nan, duk mutanen da suka ci kwalliya a gidan nan ba ki ga na ɗauka ba sai ƙwaro?”

“Baba, ai aikina ke nan,” in ji ta tana dariya. “Wannan faɗa-wuta ne, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi. Shi malam-buɗe-littafi da rana yake yawo, in ya sauka ya haɗe fukafukansa sama. Wannan kuwa sai rana ta faɗi, in ya sauka ya shimfiɗa su. Dukkansu daga tsutsa suke farawa. Kowanne da danginsa da gidansu da sunansa a littafi. Kuma akwai da yawa a ƙasar nan tamu da har yau ba wanda ya rubuta su.”

“To in mutum ya samo wanda ba a rubuta ba fa?”

“Sai a bincika, a auna, a kwatanta shi da 'yan'uwansa. In an tabbatar sabo ne, wani lokacin akan sa masa sunan wanda ya samo shi.”

Malam Dabo bai ji zancen bincike ba, bai ji na awo ba. Na ƙarshen nan ne kawai ya shige masa kunne ya yi zamansa. Ya roƙe ta ta karanto masa irin sunayen, ta karanto biyu-uku, ya lura yawancinsu da “us” suke ƙarewa. Kafin motarsu ta iso Kabo ya gama raɗa wa ƙwaron suna: Dabonikus Kabonikus. Abin da ya rage kawai shi ne a samo ƙwaron.

Lokacin ruwa ya fara sauka. Ya ari janaretan Hambali, ya ɗauko farin zanin gadon da Uwaliya ke ajiyewa don baƙi ya baza a bangon ƙofar gida, ya rataya ƙwan lantarki a gabansa. Ya kwance gidan sauronsu ya ɗaura a bakin gora.

“Malam, mu kuma sauron fa?” in ji Uwaliya.

“Sauro an daɗe da rubuta shi, ba ruwana da shi.”

Ana idar da sallar magariba ya tayar da inji. Wuta ta haska, zani ya yi fari tas. Ya gyara tsayuwa da gorarsa kamar mai gadin banki. Ba a jima ba baƙi suka fara isowa, sai dai ba waɗanda ya gayyata ba. Shinge ne, garar nan mai fiffike, na duk gidajen garar da ke tsakanin Kabo da Garo, suka taso kamar hadari suka rufe ƙwan, suka rufe zanin, suka rufe shi kansa. Kafin ya tofar da na bakinsa, matan unguwa sun fito da robobi da kwanoni cike da ruwa. Furera mai awara, maƙwabciyarsa, ita ce a gaba.

“Allah ya saka da alheri, Malam Dabo. Bana kai ka ciyar da unguwa.”

“Ku matsa, aikin ilimi ake yi a nan.”

“To ɗan karkato mana da ilimin ta nan, robata ba ta cika ba.”

Ya hango wani abu babba yana shawagi, ya kai masa gora da duk ƙarfinsa. Da ya janyo, sai ya ji nauyi. Kan Furera ne a cikin gidan sauron, har da ɗankwali. Sai da mata uku suka taru kafin a fitar da ita, gidan sauron kuwa ya rabu biyu. Ana cikin haka man janareta ya ƙare, wuri ya yi duhu, kowa ya kwashi rabonsa ya tafi suya.

Da ya shiga ɗaki yana kakkaɓe riga, sai ga shi a hannun rigar, ya lafe abinsa. Faɗinsa ya kusa tafin hannu, ruwan ƙasa ne mai ɗige-ɗige, jikinsa da gashi mai laushi kamar karan-miski, a kan fukafukansa kuma da zane biyu kamar idanun mujiya. Malam Dabo ya rarumi kwalbar yajin Uwaliya, ya juye yajin a faranti, ya tura ƙwaron ciki ya rufe. Bai tsaya wanke ta ba.

Gari na wayewa ya kira Khairiyya ya ce ta zo Asabar ta sama ta ga abin da jami'arsu ta kasa gani. Ya je ya sanar da mai unguwa, ya sa mai shela ya zaga gari. Sai da labari ya gama karaɗe Kabo sannan ya taho majalisar Hambali, kwalba a naɗe cikin hula.

“Na zauna na yi nazarinsa,” ya ce wa jama'a. “Ta wajen uwa dangin mujiya ne, ga idanun nan a fiffike. Ta wajen uba kuwa jinin zabo ne, ku dubi ɗige-ɗigen.”

“Kakansa fa?” in ji Hambali.

“Ana kan bincike.”

“Me yake ci?”

“Bai nuna kwaɗayi ba tukuna. Ƙwaro ne mai kamun kai, tun jiya bai ce uffan ba.”

“In dai bai ce uffan ba, ai bai cancanci sunanka ba.”

Aka kwashe da dariya. Malam Dabo ya ce hassada ce, kuma don a san ba tsoro yake ji ba, zai buɗe kowa ya gani da idonsa. Ya kwance murfin, ya kai fuska bakin kwalbar don ya tabbatar baƙon nasa na nan lafiya. Sauran yajin ya daki hancinsa. Atishawar da ya yi sai da zaren keken Hambali ya tsinke. Kwalba ta yi gabas, ƙwaro ya faɗo ƙasa yana layi saboda yajin da ya sha, wata jar kaza da ke kiwo a gefe ta miƙa wuya ta ɗauke shi. Haɗiya ɗaya ta yi masa.

Kazar Furera ce. Ta ruga gida, Malam Dabo ya bi ta, babbar riga na tashi a bayansa. Ya faɗa gidan ba sallama, ya yi karo da tiren awara, ya tsallake turmi, ya ritsa kazar a bayan randa. Ya kama ƙafafunta ya juya ta kai ƙasa yana girgizawa.

“Tofo shi. Tofo shi, na ce.”

Furera ta fito daga madafi da muciya a hannu.

“Jiya kaina, yau kazata? Malam Dabo, me na tsare maka?”

“Furera, kazar nan yanzu ba taki ba ce ke kaɗai. Akwai kayan duniya baki ɗaya a cikinta.”

“Sake ta, ko muciyar nan ma ta shiga littafi yau.”

Kazar dai ta fitar da wani abu, amma ba ta baki ba, kuma a gaban rigarsa ta sauke shi. Ya saki kazar, ya tsaya yana duban abin da kyau ko zai ga alamar fiffike. A nan muciya ta same shi.

A gida Uwaliya na shafa masa man zafi a kafaɗa ta ce, “Malam, kira yarinyar nan ka gaya mata gaskiya. Kaza ta ci, shi ke nan. Wa zai kama ka?”

“Mai unguwa ya riga ya gayyaci mutanen Garo. An yi zancen kujeru da lasifika. In fito in ce kaza ta fi ni? Ƙwaro ɗaya ne ya mutu, Uwaliya, ba ilimina ba.”

Janareta dai Hambali ya hana, ya ce sai ranar taro. Nan Malam Dabo ya tuna Khairiyya ta ce daga tsutsa suke farawa. To me zai sa ya tsaya farautar ɗaya, alhali zai iya ƙyanƙyashe dubu? Ya yi ta cigiya har wani mai itace ya ce masa ya ga wata tsamiya a bayan Sabon Birni da gidan gizaka a reshenta, tsutsar nan mai gashi.

“Amma Malam, ba a taɓa ta da hannu,” in ji mai itacen.

“Ku ne ba kwa taɓawa.”

Ya hau acaɓa ya tafi. Gidan na nan rataye kamar tsohuwar jakar fata, tsutsotsi na shiga suna fita. Ya hau bishiyar, ya yanko shi, ya cusa a babban aljihun gaban rigarsa, ya ce wa ɗan acaɓa a koma. Ba su yi nisa ba ya ji kamar an watsa masa garwashi a ƙirji. Ya motsa. Abin ya gangara ciki. Ya karkace. Abin ya zagaya baya.

“Baba, rawa kake yi a bayana?”

“Tuƙi aka ce ka yi, ba tambaya ba.”

“To daina kaɗa mini mashin.”

Malam Dabo ya saki hannu biyu ya kai wa haƙarƙarinsa susa, mashin ya bar hanya ya shiga gonar gyaɗa, suka bi kunya-kunya suna tsalle har suka kwanta a gindin wata kuka. Ɗan acaɓa ya tashi, ya ga abin da ke fitowa daga aljihun fasinjansa, ya tayar da mashin ya yi gaba ko waiwaye babu. Da ƙafa Malam Dabo ya ƙarasa, wuyansa ya kumbura ya yi rudu-rudu.

Ya zuba gizakar a kwali da ganyen tsamiya ya tura ƙarƙashin gado. Kafin la'asar Uwaliya ta fara susa. Ta leƙa ƙarƙashin gadon ta ga dalili. Ta sa tsintsiya ta turo kwalin har zaure, ta koma ta ɗauko tabarmarsa da matashinsa ta ɗora a kai.

“Ku zauna tare. Dama kun fi fahimtar juna.”

Kwanakin da suka biyo baya a zaure ya yi su yana lallashin tsutsa. Ya yi musu fifita. Ya kai su rana, ya dawo da su inuwa. Ya kunna musu wata tsohuwar rediyo don su saki jiki. Ya yi musu nasiha, ya yi musu barazana. Suka ci ganye suka yi ƙiba, amma ko ɗaya ba ta nuna niyyar fiffike ba.

Ranar Juma'a da yamma ya ga ba makawa. Ya shiga gona ya kamo wata ƙatuwar fara. Ya yanko fukafukai daga tsohuwar kalanda, ya rina bayansu da lallen Uwaliya, ya zana idanun mujiya da kwallinta, ya liƙa wa farar da gam mai ƙarfi. Aikin ya yi kyau daga nesa. Matsala ɗaya ce: babban yatsansa da manuni sun manne da juna, sun ƙi rabuwa.

Asabar bayan la'asar aka taru a gindin tsohuwar ceɗiyar ƙofar gidan mai unguwa. An shimfiɗa tabarmi, an jera kujeru, an ɗaura lasifika, har da fanka mai tsayuwa da aka jona a janaretan Hambali don manyan baƙi. Khairiyya ta iso ta gaida Gwaggonta Uwaliya, ta zauna kusa da ita. Malam Dabo ya yi ta gaisawa da mutane da yatsu biyu a haɗe kamar zobe.

“Me ya sami hannun?” in ji Hambali.

“Gaisuwar masana ce. Ba za ka sani ba.”

Ya aza kwano mai murfi a kan tebur, ya tura kwalin gizaka ƙarƙashi, ya karɓi lasifika. Ya gaida mai unguwa, ya gaida mutanen Garo, ya ba da tarihinsa tun daga yaye. Ya ce Turawa sun yi shekara da shekaru suna neman wannan halitta da jirage, ashe tana jiran wanda ya dace ne. Ya ce abin da ke cikin kwalin 'ya'yanta ne, an kawo su su ga ɗaukakar ubansu.

“Jama'a, ga Dabonikus Kabonikus.”

Ya ɗaga murfi. Halittar ta tsaya jim tana duban taro. Sannan ta doka tsalle ɗaya, ta wuce kan mutum biyu, ta sauka a rawanin mai unguwa. Mai unguwa bai motsa ba, idanunsa kawai ya ɗaga sama.

“Malam Dabo, haka aka tsara?”

“Ranka ya daɗe, gaisuwa ya zo yi. Ya san manya.”

Khairiyya ta taso ta nemi izini, ta ɗauke halittar a hankali ta juya ta a tafin hannu.

“Baba, ƙafafun baya na tsalle ne da shi.”

“Shi ya sa yake sabo.”

“Bakinsa kuma na tauna ne. Faɗa-wuta ba ya tauna.”

“Na da ke nan. Wannan ya ci gaba.”

“Ƙamshin lalle yake yi.”

“Ke da kika yi karatu ba ki san ana yi wa baƙo kwalliya ba?”

Ta ɗan taɓa fiffiken, sai ya ɓalle ya zauna a hannunta. Hambali ya miƙo wuya ya duba cikinsa, ya karanta da ƙarfi don na baya su ji.

“Satumba. Ikon Allah, ƙwaron har da watan haihuwarsa ya zo.”

Dariya ta ɓarke har lasifika na kuka. Farar ta ga an rage mata kaya, ta yi tsalle ta shige ciyawa da fiffike ɗaya. Malam Dabo ya ja da baya zai yi bayani, diddigensa ya daki kwalin, kwalin ya kife a gaban fanka. Gizaka ta bazu a tabarmi, fanka kuwa ta kwashi gashinta da ya taru a kwalin tana juyawa dama da hagu, tana raba wa kowa daidai.

Masu dariya suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo daga Garo ya cire hula ya sa a wuya yana gurzawa. Furera ta yar da tiren awarar da ta kawo sayarwa ta kama gwiwar hannu. Hambali ya tuɓe riga. Mai unguwa ya daure, ya daure, sannan ya zura sandarsa ta ƙarƙashin rawani yana sosawa a hankali, fuskarsa a murtuke kamar yana sauraron ƙara.

Malam Dabo ne ya fi kowa kusa da kwalin, shi ya sha mafi yawa. Da hannu ɗaya mai aiki ba zai kai bayansa ba, sai ya ruga ya jingina da ceɗiyar yana goga baya sama da ƙasa. Yana cikin gogawa wani abu da kowa ya ɗauka ɓawon itace ne ya ɓalle daga jikin bishiyar, ya yi 'yar shawagi, ya sauka a kan hularsa. Ya buɗe fukafukai. Na saman kamar busasshen ɓawo, na ƙasan kuwa shuɗi ne mai sheƙi da ja a baki-baki, ga wasu jela biyu sirara suna rawa.

Khairiyya ta daina susa. Muryarta ta yi ƙasa.

“Baba, kada ka motsa.”

“Me ya faru?”

“Akwai wani a kan hularka. Na gaske. Kada ka motsa, don Allah.”

Ta ɗauki kwanon da murfinsa ta fara takowa a hankali. Aka kashe fanka. Jama'a suka ƙame, kowa da ƙaiƙayinsa yana cinsa, ba mai ƙarfin halin sosawa. Mai unguwa ya tsaya da sanda a cikin rawani.

“Gwaggo,” Khairiyya ta raɗa wa Uwaliya tana wucewa, “ban taɓa ganin irinsa ba. Ko a littafi.”

Raɗar ta kai kunnen Malam Dabo. Idanunsa suka buɗe. Leɓɓansa suka fara motsi.

“Malam,” in ji Uwaliya a hankali, “don girman Allah, sau ɗaya a rayuwarka, yi shiru.”

Ya yi ƙoƙari, wannan kowa ya shaida. Ya cije leɓe. Gumi ya keto masa. Kumatunsa suka cika kamar mai riƙe da ruwa a baki. Khairiyya ta iso gabansa, ta ɗaga kwanon, saura kaɗan ta kife.

Ya fizge kai ya juya wajen abokinsa, ya ɗaga hannu sama.

“Hambali, ka ji da kunnenka? Ban gaya maka ba?”

Ƙwaron ya tashi. Ya zaga ceɗiyar sau ɗaya, shuɗinsa na walƙiya a hasken yamma, ya haye soron mai unguwa, ya nufi gonaki har ido ya daina ganinsa.

Khairiyya ta zauna a ƙasa daɓas da kwano a cinya. Uwaliya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙarar farata a kan fata ta dawo ko'ina.

Malam Dabo ya daɗe yana kallon inda ƙwaron ya bi. Sannan ya sosa wuya, ya gyara zaman hularsa, ya dubi jama'a.

“Ku kwantar da hankalinku,” ya ce. “Ya san gidana.”